Baje kolin jirage masu saukar ungulu: in je ko in riƙe kuɗina?

Ɗan Gawon Nama: Assalamu alaikum jama'ar gida. Manya a gafarce ni, shawara nake nema. Na gama karatun gyaran jirgi a Zariya, kuma ɓangaren jirage masu saukar ungulu nake son shiga. Wani abokin karatuna ya tasa ni gaba wai mu tafi baje kolin da ake yi a Amurka duk shekara, wanda aka sani da Heli-Expo, wai can ake haɗuwa da masu ɗaukar aiki ido da ido. Abin da na tara ba zai kai ni ko Legas da dawowa ba, sai in an sayar da ɗan filin da Inna ta ba ni a Dambuwa. Akwai wanda ya taɓa zuwa a cikinmu?

Kawu na Kanwuri: Wa alaikumus salam. Hili? Ka sai da hili don ka tahi kallon jirgi? Ɗana, in kallo kaka so, tahi hilin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ka tsaya bakin waya, kyauta na.

Admin: Kawu a yi masa a hankali. Injiniya da Kyaftin, wannan taku ce.

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Na je, amma a shekarar da kowa ke cewa ba ta yi armashi ba, wato 2016, a garin Louisville na jihar Kentucky, mahaifar Muhammad Ali ɗan dambe. Lokacin ina aiki a Fatakwal, kamfani ne ya tura mu. Ka fara sanin cewa sunan ma ya canja. Ƙungiyar da ke shirya shi, wadda aka kafa tun 1948, ta koma Vertical Aviation International a 2024 don ta haɗa da jirage marasa matuƙi da masu aiki da lantarki, taron kuma ya koma Verticon. Na farko da sabon suna a Dallas aka yi, cikin Maris 2025. In za ka yi bincike, da wannan sunan za ka nema.

Injiniya: Abin da na gani kuwa, zaure ne wanda in ka tsaya a wannan ƙarshe ba ka hango wancan. An shimfiɗa darduma, an goge jirage suna ta walƙiya, Airbus da Bell da Sikorsky da Robinson kowa ya kafa rumfarsa. Amma mutane fa? Kamar ka shiga Kara washegarin Layya. 'Yan talla sun ci kwat suna tsaye suna danne-dannen waya, kwanon alewa da aka ajiye don baƙi yana nan cike har la'asar. Waɗanda suka je na Orlando a 2015, inda Airbus ta fito da sabon jirginta H160, sai faɗi suke wai bara sai ka bi layi kafin ka leƙa cikin jirgi. Ni kuwa na hau kujerar matuƙi na zauna son raina, ba wanda ya ce sauka.

Ɗan Illela: To me ya kori mutane? Sanyi?

Injiniya: Sanyi na ciki, ga shi garin ba shi da jiragen da ke zuwa kai tsaye daga ƙasashen waje sosai, sai ka sauka wani gari ka canja. Amma babban dalili ɗanyen mai ne. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Manyan jiragen nan masu inji biyu, S-92 mai ɗaukar mutum 19, da AW139, da S-76, kamfanonin mai ne manyan masu hayarsu, don kai ma'aikata rijiyoyin cikin teku. Da mai ya faɗi sai aka dakatar da haƙa, aka rage ma'aikata, aka soke kwangiloli. Kamfanin da jiragensa ke kwance a rumfa ba zai tura mutum goma taro ba, ya tura biyu. Mu ma haka aka yi mana. Ga dala a lokacin gwamnati na cewa 197, 'yan canji na cewa ta wuce 300.

Kyaftin: Salamu alaikum. Yanzu na sauka na ga an ambace ni. Injiniya ya faɗi gaskiya a kan dalili, amma na san inda ya dosa, zai ce maka taron da ba mutane ya fi amfani. Mun sha wannan gardama da shi. Bari ya faɗi tasa tukuna.

Injiniya: Kyaftin ka riga ni. E, haka zan ce, kuma ina da hujja. Ƙanena, a taron da ya cika, ɗan talla yana duban katin da ke wuyanka kafin ya dubi fuskarka. In ya ga ba kai ke sa hannu a takardar saye ba, ya miƙa maka ƙasida ya juya ga na bayanka. A Louisville ba na baya. Na tsaya a wata ƙaramar rumfa ta masu ƙera matatar iska ta bakin inji, wani dattijo Bature ya ja mini kujera. Na ce masa daga inda na fito, akwai watannin da ƙura ke rufe rana. Ya ɗauko matatar ya kwance ta a kan tebur. Auduga ce aka nannaɗe ninki-ninki tsakanin raga biyu, an jiƙa ta da wani mai, ƙura na zuwa ta manne. Ya nuna mini 'yar ƙofar da ke gefe, wadda matuƙi zai buɗe in matatar ta toshe yana sama, da na'urar da ke auna bambancin ƙarfin iska gaba da baya don a san lokacin wanki ya yi. Ya sa na riƙe wata fiffiken kwamfaresa da yashi ya cinye, bakinta ya yi kaifi ya siranta, ya ajiye sabuwa kusa da ita. Ya kwatanta mini da ɗaya tsarin, mai ƙananan bututu da ke juya iska su wurgar da yashi gefe, ya faɗi inda kowanne ya fi da inda ya gaza. Har shayinsa ya huce. Abin da na koya a wannan zama, na daɗe ina cin moriyarsa duk hunturu.

Injiniya: Kuma akwai darussan kiyaye haɗari na awa ɗaya ɗaya da ake yi a ƙananan ɗakuna, mai katin shiga ba ya ƙara ko sisi. A shekarar cika sai ka tsaya a bango. Mu kuwa muna zaune gaba muna yi wa malami tambaya har ya gaji.

Kyaftin: To ga tawa. Injiniya ya je da albashi a aljihu, da otal da kamfani ya biya, ya je koyo. Wannan yaro aiki zai je nema. Ba ɗaya ba ne. Ni ma ina can shekarar, kuma ba rumfar matata na tsaya ba, wajen masu ɗaukar aiki na zagaya. Can ne kaɗai aka yi cunkoso. Matuƙa masu furfura, waɗanda suka yi dubban awoyi a Tekun Arewa da gaɓar Meziko, suna tsaye riƙe da takardu a jaka kamar sababbin 'yan hidimar ƙasa. Zauren da babu masu saye, babu masu ɗauka. Wata biyu bayan taron, CHC, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jirage masu saukar ungulu na duniya, ta shigar da takardar neman kariya daga masu bin ta bashi, a Mayun 2016. Kafin nan da kwanaki, 29 ga Afrilu, wani jirgi samfurin H225 ya faɗi a Turoy ta ƙasar Norwe, mutum 13 suka rasu, aka dakatar da wannan samfurin. Abin bai tsaya nan ba, kamfanin PHI ya bi sahun CHC wajen neman kariya daga masu bashi a Maris 2019, Bristow a Mayun shekarar, daga baya ta haɗe da Era a 2020. Shirun da Injiniya ya ji daɗinsa a zaure, ga abokaina da yawa takardar sallama ce.

Injiniya: Ban musa ba. Allah Ya sa ba mu ji daɗin wahalar kowa ba.

Kyaftin: Amin. Na san ba haka kake nufi ba, babban yaya.

Ɗan Gawon Nama: Kyaftin, amma yanzu ai mai ya ɗan farfaɗo, kuma ina jin ana cewa ana ƙarancin makanikai a duniya. Ba zai yiwu a dace ba?

Kyaftin: Ana ƙarancinsu, gaskiya ne. Amma wane iri? Wanda ke da lasisi, da shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi takamaimai, da shekarun aiki. Kamfanin Amurka zai tambaye ka lasisin hukumarsu ta FAA da izinin aiki a ƙasar. Na Turai zai tambaye ka na tasu hukumar, EASA. Takardarka ta Zariya tana da daraja, makaranta ce tun 1964, amma ƙofar da take buɗewa ta NCAA ce, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya. Kuma masu jiragen da za su ɗauke ka suna Legas da Fatakwal da Warri, irin su Caverton da Bristow da Aero da OAS. Ba ka buƙatar biza kafin ka buga musu ƙofa. Bizar ma, a Yulin 2025 an mayar da yawancin ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku, in ma an ba ka ke nan. Kuɗin nema kuwa ba a mayarwa.

Kawu na Kanwuri: Kun ji ko. Ni ban yi boko mai nisa ba amma abin da nic ce tun hwarko shi na Kyaftin ya zagayo ya hwaɗi da turanci mai yawa. Ni tambayata guda ta. Wanga jirgi da kuka ta yabo, mi yat taɓa yi ma Sakkwato? Mu dai ba mu ganinai sai lokacin siyasa, ya zaka ya tada muna ƙura hilin makaranta, yara su bi shi da gudu, ya tashi. Sai ko na soja da ka wucewa gabas. Ku can kuna taro Amurka, mutane sunka zo ko ba su zo ba, mi as shamu?

Anti Likita: Kawu ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina karantawa tun ɗazu ban tanka ba. Mace ta fara zubar da jini bayan haihuwa a wani ƙauye na Sabon Birni ko Isa, dare ya yi, direba ya ce ko nawa za a ba shi ba zai hau hanyar nan ba sai gari ya waye, kuma ba ka ganin laifinsa. Kafin a iso da ita Sakkwato an yi asarar awoyin da ake ceto a cikinsu. Tafiyar da a sama ba ta kai awa ɗaya ba. Injiniya, a tarukan nan ba a nuna jiragen ɗaukar marasa lafiya ne? Ko mu ne ba mu da masu zuwa su gani?

Injiniya: Ana nunawa Anti, sosai ma. H135 da H145 da Bell 429, an cire kujeru an sa gado mai zamewa, da iskar numfashi, da wurin zaman ma'aikacin jinya a kan majiyyaci. Na ga har da akwatin jariri bakwaini. A shekarar da na je ma su ne ke ɗan motsi, don ba ruwansu da farashin ganga. Amma a can akwai mai biya: inshora, ko gwamnati, ko ƙungiyar taimako kamar yadda ake yi a Jamus da Ingila. Jirgi mai saukar ungulu ba sayensa ne wahala ba, riƙonsa ne. Sabon AW139 ya haura dala miliyan 10, yana shan mai wajen lita 500 a awa. Sannan kusan kowane muhimmin ƙarfe a jikinsa yana da adadin awoyin da aka yanka masa. In ya cika, ko yana ƙyalli sai an cire. Wasu ma da kwanan wata ake lissafa su, ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba. Shi ya sa za ka ga an sayo jirgi da biki, bayan 'yan shekaru yana rumfa tayoyi sun sace. Ba a sa kuɗin gyara a kasafi ba, kuma da dala ake sayen kayan.

Kyaftin: A ƙara da yanayinmu. A watan Afrilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40. Iska in ta yi zafi sai ta yi shara-shara, farfela ba ta samun abin kamawa, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Nauyin da za ka ɗauka da asuba, da azahar sai ka rage mutum ko ka rage mai. Da hunturu kuma ga hazo, ga ƙurar da kai da kanka kake tayarwa in za ka sauka a fili, daƙiƙun ƙarshe ba ka ganin ƙasa sam. Binciken saukar da jirgin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya yi a Kabba, Fabrairun 2019, ƙurar nan aka ambata. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya rasu. Tashin dare kuma wani babi ne daban, yana son kayan aiki da horo da wurin sauka mai fitila.

Anti Likita: Wato dai kuna ce mini ba zai yiwu ba.

Kyaftin: A'a Anti. Zai yiwu in jihohi biyu ko uku, a ce Sakkwato da Kebbi da Zamfara, suka yi hayar jirgi ɗaya daga kamfanin da zai riƙe gyara da matuƙa, a biya shi duk wata, maimakon kowa ya sayi nasa don a ɗauki hoto. Haka kamfanonin mai ke yi, ba su mallaki yawancin jiragen da ke kai su teku ba.

Ɗan Illela: Tunda an zo nan, ni fa in tambaya. Maganar da ake yi cewa jirage na sauka a daji suna kai wa mutanen nan kaya suna kwasar zinari, ku da ke cikin harkar me kuka sani?

Admin: Ɗan Illela, ka san dokar gidan nan. Abin da ba mu da shaida a kai ba ma yaɗa shi.

Kyaftin: Abin da ke a rubuce shi ne gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar Zamfara a Maris 2021. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Kawu na Kanwuri: An bar ta nan. Amma Anti ta tuna min ambaliyar 2010, sadda ruwa yac cinye hanyar jami'a, ƙauyukka na Goronyo da Wurno da Kware sunka koma tsibiri. Da kwalekwale anka yi ta jigila. Rannan da akwai wanga jirgi kusa, da ban ce komi ba a kan tsadatai.

Injiniya: Kawu ka dawo layinmu ke nan. Kuma ka ga inda maganar taro ta shafe mu. Lokacin da kasuwar mai ta mutu, jirage na hannu sun yi arha, kamfanonin haya suna neman duk wanda zai karɓa, kowane ɗan talla na neman sabuwar kasuwa ido rufe. Na zagaya zauren nan, 'yan Najeriya da na haɗu da su duk na ɓangaren mai ne, daga kudu muka taso gaba ɗaya. Ban ga wanda ya zo da maganar asibiti ko agajin ambaliya ko feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa ba. Ranar da mai saye ke da baki, ba mu aika mai ciniki ba. Yanzu da kasuwa ta tashi, jiragen sun yi wuya, sai ka jira.

Kyaftin: Nan kam mun haɗu. In za a tura wani taron, jami'in ma'aikatar lafiya ko na hukumar agaji ya kamata a tura, tare da injiniyan da zai hana a yi masa wayo. Ba yaro mai neman aiki da kuɗin filinsa ba.

Ɗan Gawon Nama: Na gode ƙwarai manya. Gaskiya jikina ya yi sanyi, amma gara yanzu da a ce sai na dawo. To in ba tafiya, me zan sa a gaba?

Kyaftin: Lasisin NCAA tukuna. Ka nemi inda za ka yi aikin koyo ko da abin da za a ba ka bai wuce na mota ba, kana cika littafin aikinka ana sa maka hannu. In ka samu kuɗi, kwas na samfuri ɗaya, AW139 ko S-76, su ne ke aiki a ƙasar nan. Taro kuma ba ya ƙarewa. Akwai European Rotors da ake yi a Turai cikin Nuwamba, an fara shi a Kolon ta Jamus a 2021, an kai shi Madrid da Amsterdam. Wata rana kamfani zai biya maka.

Injiniya: In kuma abokin naka ya nace sai ya je, ka ce masa kada ya ɓata ƙafarsa a manyan rumfuna masu fitilu da bidiyo. Ya bi layukan baya, wajen masu gyaran akwatin giyar jirgi da masu fentin farfela da masu kayan auna girgiza. Ya je ranar ƙarshe da safe, lokacin manya sun kama hanyar filin jirgi, 'yan rumfa sun gaji da tsayuwa suna neman wanda za su yi hira da shi. Ko a shekarar cika, ranar ƙarshe Louisville ce. Kai kuma turo mini takardunka ta akwatin sirri in duba, ban yi alkawari ba.

Ɗan Gawon Nama: Yanzu kuwa, Injiniya. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma.

Ɗan Illela: Ni har yanzu ƙaramin nan nake tunani, Robinson ɗin. In mu 'yan kasuwa goma muka haɗa kuɗi fa? Illela zuwa Kano a yini a dawo.

Injiniya: R44 na Robinson mutum huɗu yake ɗauka har da matuƙi, kaya kuwa sai 'yar jaka. Kuma injinsa mai fistan ne, ba kananzir ɗin jirgi yake sha ba, wani fetur ne na musamman wanda samunsa a filayen jirginmu aiki ne. Sai dai R66, shi ke shan irin man da ake sayarwa a nan. Ka fara tambayo inda za ku sayi mai kafin ku tara kuɗin.

Anti Likita: Ku bar Ɗan Illela da mafarkinsa. Kyaftin, maganar haya tsakanin jihohi, in da gaske kake ka rubuto mini ita a shafi ɗaya: wane irin jirgi, mutum nawa ke aiki da shi, faɗin filin da yake buƙata a harabar asibiti, da abin da ke hana tashin dare. Muna da zaman ƙungiyar likitoci ƙarshen wata, ina so in karanta musu.

Kyaftin: Zan rubuta, amma ba yau ba, da asuba ina da tashi. Ki auno mini filin da kike tunani, tsawo da faɗi, ki duba ko akwai wayar wuta ko dogon bishiya ko tankin ruwa a kusa. Wayar wuta ta fi komai muhimmanci, daga sama ba a ganinta.